Yadda ake gano ƙashin da ya zama dutse, a tono shi, a kai shi ɗakin bincike lafiya

A Gadufawa, cikin hamadar Tenere gabas da Agadas, aka tono wani kada da tsawon ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. Sarcosuchus aka sa masa suna a 1966, ya kuma rayu ne kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. A ƙasar Sakkwato an sami kasusuwan wata dabbar teku mai rarrafe, wadda tun 1972 ake kira Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Wanda ya ga hotunan irin waɗannan a gidan tarihi zai ɗauka aikin na masu ƙarfi ne, a sa diga a tono a ɗauka. To haƙan shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Ƙashin da aka fizgo daga ƙasa ba tare da an rubuta inda yake da yadda ya kwanta ba, ya tashi daga shaida ya koma abin ado. Shi ya sa a bayanin nan za ka ga na fi daɗewa a kan littafi da alƙalami da filasta (farin garin da ake kwaɓawa ya daskare) fiye da kan diga.

Fara da sanin dutsen da kake takawa

Ba kowane dutse ke riƙe burbushin halitta ba. Falalen duwatsu irin na Kufena a Zariya, ko Kwatarkwashi, ko curarrun duwatsun cikin Damagaram, narkakken dutse ne da ya huce a can cikin ƙasa. Ko shekara za ka yi kana dubawa, ba za ka sami haƙori ɗaya ba. Abin da kake nema shi ne dutsen da ya samu daga yashi da laka da yumɓu waɗanda ruwa ya kwantar hawa-hawa har suka daskare: dutsen yashi, dutsen farar ƙasa, da lakar da ke ɓarewa falle-falle. Alamarsa ita ce layuka a jikin gaɓa, wani kan wani.

Saboda haka kafin ka sa takalmi, nemi taswirar duwatsu. Sashen ilimin ƙasa na jami'a, kamar ta Usmanu Danfodiyo ko ta Ahmadu Bello ko ta Abdou Moumouni a Yamai, suna da ita. Taswirar za ta gaya maka shekarun shimfiɗar dutsen da ke wurin, shekarun kuwa su za su gaya maka abin da za ka sa rai da shi. A kusa da Arlit akwai shimfiɗar Moradi ta zamanin Famiyan, wadda ta haura shekara miliyan 250, tun kafin a yi dainoso, wato manyan dabbobin nan masu rarrafe na zamanin da, kuma daga nan aka sami Bunostegos, wata dabba mai rarrafe mai ƙulle-ƙulle a ka. Wajen Ingal da gaɓar Tigidit duwatsun dainoso masu dogon wuya ne irin su Jobaria. Gadufawa ta zamanin Kiretashiyos ce, lokacin da wurin ke da manyan koguna. Shimfiɗar Dukamaje a Sakkwato ta ƙarshen wannan zamani ce, wajen shekara miliyan 70, sa'ad da wani reshen teku ya ratsa Sahara ya malale yankin. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ta biyo baya, bayan dainoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma cike take da ɓawon halittun teku. Wanda ya je Kalambaina neman dainoso ya yi asarar kuɗin mota.

Izini da sallama

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, amma ba a tsallake shi. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997, ba a haƙa kuma ba a fitar da komai waje sai da takardar hukuma. A Najeriya ka fara da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da hukumar binciken duwatsu, kuma ka bi ta hannun jami'a. Bayan takarda sai sallama ga hakimi ko mai gari da mai gonar. Ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka biya shi hakkinsa. Makiyaya da masu haƙan rijiya sun fi taswira sanin inda ake ganin baƙin kasusuwa. Batun tsaro kuwa, ayarin masu bincike a hamadar Nijar da rakiyar sojoji suke tafiya, gabashin Sakkwato ma ba wurin shiga da ka ba ne a 'yan shekarun nan. Idan mutanen wurin suka ce kada a je, ba a zuwa.

Kayan aiki

Mafi yawansu a kasuwa ake samu: diga da shebur, guduma da cizal, basilla irin ta ɗinkin buhu, burushin fenti manya da ƙanana, tsohon burushin goge baki, rariya, igiya da ƙusoshi, tef na awo, kamfas, ledoji, alƙalamin maka mai baƙin rubutu da ba ya gogewa, takardar tishu mai yawa, buhunan algarara, garin filasta irin na masu silin, robar kwaɓi, da littafi mai kauri da fensir. Fensir, domin biro kan daina rubutu a ƙura, tawadarsa kuma ta zube idan gumi ya jiƙa takarda. Waya mai GPS ta isa. Abu ɗaya ne sai an nemo daga masu kayan ɗakin bincike, wato gam mai suna Paraloid B-72 da sinadarin asiton da ake narka shi a ciki. Sai ruwa, fiye da yadda kake tsammani, don filasta ma shan ruwa take yi kamar yadda ma'aikata ke sha.

Tafiya da ido a ƙasa

Babu na'urar da ke nuna ƙashi a cikin ƙasa yadda za a dogara da ita. Da ƙafa ake nema. Ana jeruwa, tazarar 'yan mitoci tsakanin mutum da mutum, a riƙa tafiya a hankali kai a sunkuye. Wuraren dubawa su ne inda ƙasa ta tsiraita: kwazazzabai, gaɓar ƙorama, gindin tudu, ramin da aka ɗebi dutse, da filin da iska ta share yashinsa. Sassafe da la'asar sun fi, domin hasken da ke zuwa daga gefe yana fitar da inuwar ƙananan abubuwa, rana tsaka kuwa komai fari fat yake zama. A Sakkwato bayan damina ya fi dacewa, ruwa ya wanke sabon abu ya fito. A hamada lokacin sanyi ake shiga.

Yaya za ka bambance ƙashi da dutse? Ka dubi inda ya karye. Cikin ƙashi yana da ƙananan ramuka, bayansa kuma yana da siraran zane da ke bin tsawonsa. Haƙori yana da sheƙi. Ƙashin da ya zama dutse ya fi sabon ƙashi nauyi nesa ba kusa ba, launinsa kan zama baƙi, ja, ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi gwargwadon ma'adinin da ya shige shi. Tsofaffin ma'aikata kan ɗora shi a harshe, idan ya ɗan manne to ƙashi ne. Ni na fi son a jiƙa yatsa a gwada, domin tsohon ƙashi yana iya tara yuraniyam daga ruwan ƙasa, ga shi kuwa yankin Agadas gidan yuraniyam ne. Masu neman wannan ma'adini ne ma suka ja hankalin masanin Faransa Philippe Taquet zuwa Gadufawa a 1965. Abin da ya fi yaudarar sabon shiga shi ne curin marmara da dunƙulen dutse masu siffar ƙwai ko gwiwa. Siffa kaɗai ba hujja ba ce.

Idan ka ga ɓaraguzai a gindin gangare, kada ka tsaya nan. Daga sama suka gangaro. Ka bi su kana hawa har inda suka ƙare, a daidai nan ko ɗan sama kaɗan za ka sami layin da ke zubar da su. Kuma kada ka raina ƙaramin abu: Suchomimus, dainoso mai cin kifi da ya kai kusan mita 11, daga farcen hannunsa da aka gani kwance a fili a 1997 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya fara.

Ka sa hannunka a aljihu tukuna

Nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Zuciya za ta ce ka ɗauka ka juya ka nuna wa abokai. Kada ka taɓa. Ka fara ɗaukar lambar GPS ka rubuta ta a littafi, kada ka bar ta a waya kaɗai. Ka ba wurin lamba, misali harufan sunanka da shekara da lambar jeri, wannan lamba kuma ita za ta bi kowace leda da kowane hoto har ƙarshe. Ka ɗauki hoto iri uku: na kusa da abin awo a gefe, na tsakiya da ke nuna layukan dutsen, da na nesa da ke nuna tudu ko bishiyar da wani zai gane wurin da ita bayan shekara 20. A kowane hoto ka ajiye alamar da ke nuna arewa.

Sai ka zauna ka rubuta dutsen kansa. Yashi ne mai gautsi ko laka mai laushi? Wane launi? Me ke samansa, me ke ƙarƙashinsa, kaurin kowanne nawa? Layukan a miƙe suke ko a karkace? Kasusuwan a haɗe suke gaɓa da gaɓa ko a warwatse? Wannan duk ba ƙawa ba ce. Kasusuwa a haɗe na nufin an binne dabbar da wuri kafin ta ruɓe. Dogayen kasusuwa da suka fuskanci gefe guda na nuna ruwa mai gudu ne ya jera su, har ka san inda kogin ya nufa. Haƙoran mafarauci a tsakanin haƙarƙari na nuna wani ya ci gawar. Da zarar an kwashe, wannan labari ya tafi, sai abin da ka rubuta.

Ƙananan ɓaraguzan da ke sama ka tattara su murabba'i-murabba'i, kowanne da ledarsa, ka tankaɗe ƙasar wurin da rariya. Guntun da ka raina yau, shi ne gobe zai haɗa biyu.

Buɗe ƙasa

Da diga da shebur ake cire ƙasar sama, amma a tsaya saura kamar taƙi ɗaya ko biyu a kai layin ƙashin. Daga nan sai cizal, sai basilla, sai burushi. A buɗe fili mai faɗi daga sama, kada a bi ƙashi da rami ta gefe, domin ba ka san inda sauran jikin ya nufa ba. A kafa ƙusoshi a ja igiya a raba wurin gida-gida, mita ɗaya-ɗaya, a zana kowane ƙashi a takarda mai gidaje da lambarsa.

Basilla tana tafiya ne daga ƙashi zuwa waje, ba ta nufar ƙashi. Kuma ba a fili ake tsabtace shi ba. Ka buɗe iya abin da zai nuna maka iyakarsa, sauran dutsen ka bar masa, shi ne garkuwarsa a hanya. Ƙashin da ya yi shekara miliyoyi a rufe, da ya sha iska da rana sai ya fara tsagewa. Nan gam ke shigowa. A narka Paraloid kaɗan a asiton, kamar kashi 5 cikin 100, ya zama ruwa-ruwa, a ɗiga ya tsotse, a jira ya bushe, a ƙara. Mai kauri na haɗa karaya ne. Dalilin zaɓensa shi ne asiton na sake narka shi duk ranar da aka so. Gam ɗin kasuwa mai kamawa nan take yana da wuyar cirewa, farin gam na kafinta kuwa ruwa ne a cikinsa, yana kumbura yumɓu. Asiton yana kama wuta, a nisanta shi da masu shan taba, a rufe kwalbar don zafi na shanye shi.

Wasu kasusuwan ba sa yafe kuskure ko kaɗan. Nigersaurus, dainoso mai haƙora sama da 500 da aka raɗa wa suna a 1999, wasu sassan ƙoƙon kansa sirantarsu ta kai haske na ratsa su. Irin wannan ba a ma buɗe shi, da dutsensa ake ɗaukewa.

Ɗori

Yadda maɗori ke ɗaure karaya da karare don kada ta motsa, haka ake yi wa ƙashi da filasta. A haƙa lambatu kewaye da shi, a bar tazarar yatsu huɗu ko fiye, a zurfafa har ƙasa da inda ake zaton ƙashin ya tsaya. Sannan a ɗan rarake ta ƙasa, ya zama ƙashin na zaune a kan wuyan dutse wanda bai kai samansa faɗi ba. Wannan rarakewa ita ke ba filasta wurin kamawa. Idan babu ita, ranar juyawa rigar filastar za ta taso ta bar kayan a ƙasa.

A rufe duk inda ƙashi ya bayyana da tishu mai ɗan damshi, ninki da yawa, a danna da burushi ya shiga kowane lungu. Idan filasta ta taɓa ƙashi kai tsaye, sai dai a kankare ta da fatarsa. A yanka algarara tsiri-tsiri, faɗin tafin hannu, a jiƙa a matse. Wajen kwaɓi, ruwa ake fara zubawa sannan a barbaɗa gari a kai har ya daina nitsewa, a gauraya da hannu, ya yi kauri amma yana zuba. Kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, domin cikin zafi mintoci kaɗan take yi ta daskare, wadda ta fara kamawa kuma ba a ƙara mata ruwa, zubarwa ake yi. A tsoma tsirin, a shimfiɗa, kowanne ya hau rabin na baya, a matse shi sosai ta ƙarƙashin wuyan. Hawa na biyu ya gicciye na farko. Ƙaramin abu hawa biyu ko uku ya isa, babba yana son biyar ko fiye, da itace ko ƙarfe a ɗaure a jiki. Filasta kan yi ɗumi tana kamawa, idan ta huce ta yi ƙarfi sai a rubuta lamba da alamar arewa a kai.

Juyawa ita ce lokacin da kowa ke riƙe numfashi. A buga cizal masu tsawo a gindin wuyan ta kowane gefe har ya saki. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, a juya gaba ɗaya kuma da sauri, domin jinkiri a tsakiya ke sa cikin ya zube. A duba ramin ko an bar wani abu, a rage dutsen da ya yi yawa, a rufe wannan gefen shi ma. A mota a ɗora a kan tsohuwar taya ko katifa ko yashi, a ɗaure tam. Kafin a tafi a mayar da ƙasa ramin, ko don dabbobin mutane.

Tsirrai da ƙananan halittu

Itacen da ya zama dutse yana da yawa a yankin Ingal da shimfiɗar Gundumi ta Sakkwato, kuma ba ya buƙatar filasta. A auna tsawon gungumen da kaurinsa da inda ya fuskanta, a ɗauki guntu. A ɗakin bincike ana yanka shi a goge har haske ya ratsa, a duba ƙwayoyinsa a madubin ƙara girma, a san dangin bishiyar. Ganye a cikin laka mai falle ake samunsa, musamman kusa da gawayin ƙasa, irin na Anu Araren kusa da Cirozerin wanda ya haura shekara miliyan 300. Ana sa bakin wuƙa a gefen fallen a buɗe, a riƙe duka ɓangarorin biyu, a naɗe a takarda busasshiya. Ba a shafa masa ruwa ko gam. Ƙurar fure da ƙananan halittun teku kuwa ido ba ya ganinsu, sai a ɗebi dunƙulen dutse mai tsabta daga kowane layi a leda daban. Ba su da kwarjini, amma sau da yawa su ke faɗin shekarun babban ƙashin.

A ɗakin bincike

Aikin mako ɗaya a fili kan zama na watanni ko shekaru a nan. Ana yanke rabin rigar, a bar rabin ya zama gado, a riƙa cire dutse da allura da wata 'yar na'ura mai aiki da iska, ana kallo ta madubi. Idan dutsen farar ƙasa ne, ana iya jiƙa shi a ruwan asid mai rauni irin na cikin binega, bayan an shafe ƙashin da gam, sannan a daɗe ana ɗauraya fiye da lokacin da ya yi a asid ɗin. Abin da ya fi ƙarfin allura sai na'urar hoton CT irin ta asibiti, da ita aka haɗa kan Nigersaurus a kwamfuta a 2007.

Batun shekaru, mutane da yawa na zaton awon sinadarin kabon-14 ke yin komai. Iyakarsa wajen shekara 50,000 ne. Ya yi amfani a Gobero cikin hamadar Tenere, inda ayarin Sereno da ke neman dainoso a 2000 ya ci karo da maƙabartar mutanen da suka zauna bakin tafki tun kusan shekara 10,000. Ga dainoso ba ya aiki. Idan akwai tokar dutse mai aman wuta a sama ko ƙasan layin, ana auna yuraniyam da darma a ƙwayoyin ma'adinin zakon da ke cikinta. Idan babu, sai a koma ga halittun da aka san zamaninsu, kamar amonayit, halittun teku masu naɗaɗɗen ɓawo da ke cike ramin simintin Ashaka a Gombe, ko irinsu mai suna Libycoceras na Dukamaje. Ana kuma iya gyara lissafi daga baya. Jobaria da aka bayyana a 1999 an ɗauka ta farkon Kiretashiyos ce, wajen shekara miliyan 135, sai a 2009 wasu masana suka sake nazarin shimfiɗar suka mayar da ita tsakiyar Jurasik, sama da miliyan 160. Sun iya yin haka ne domin an san takamaimai layin da ta fito.

Daga nan sai gwada ƙashin da na sauran gidajen tarihi. Idan sabon jinsi ne, a rubuta bayaninsa a mujallar kimiyya, a ware samfur guda ya zama shi ne ma'aunin sunan, a ajiye shi a gidan tarihi na hukuma da kowane mai bincike zai iya zuwa ya gani, kamar gidan Boubou Hama na Yamai. Kwafin littafin fili da taswira da hotuna su bi shi. A rubuta lambar a jikin ƙashin da tawada mai ɗorewa, a kan ɗan shafen gam, a kuma sa wata takardar a cikin akwatin.

Idan kuwa kai manomi ne ko mai haƙan rijiya ko mai fasa dutse, ka ci karo da irin wannan, rabonka a aikin gajere ne: hoto da wani abu a gefe don a san girma, lambar wuri daga waya, ka rufe da leda da ƙasa, ka jera duwatsu don alama, ka sanar da mai gari da sashen ilimin ƙasa na jami'a mafi kusa. Idan a rijiya ne, ka faɗi gaba nawa aka haƙa kafin a same shi, ka kuma ware ƙasar da ta fito tare da shi a gefe guda.